Giɓin da Valdur Ya Bari

Bara, da agwagin daji suka wuce kudu
suna kuka a saman tafkin Peipsi,
na kwaso tsofaffin rigunan Valdur,
waɗanda na kasa bayarwa, na kasa kallo,
na yayyaga su
na cusa a kowace tsaga ta akurki.
Har da dogon giɓin nan na ƙarƙashin rufi
da na shekara goma sha ɗaya ina masa gori a kai:
katako ɗaya tak ya gagare ka?
Shi kuwa sai ya hura shayinsa, ya kurɓa.

Na toshe ko'ina tsaf.
Na ce sanyin da gidan nan ya sha ya isa,
kada ya kai ga kajina.

Wata safiya a Janairu na buɗe ƙofar,
zarni ya mare ni har idona ya kawo ruwa.
Kowace ƙusa a rufin ta yi furfura,
bango yana gumi,
ciyawar ƙasa ta jiƙe sharkaf,
kaza mai ruwan toka tana tari kamar tsohon mashayin taba.
Kyaftin, zakaran da ke tafiya kamar shi ya biya kuɗin filin,
tsini uku na zankonsa sun yi baƙi ƙirin,
irin kan ashana da aka ƙyasta aka yar.
Mako biyu, suka gutsure.

Maimu ta ƙetaro shinge da sandarta.
Ta durƙusa da ƙyar, ta kai hancinta daidai tsayin kaza,
ta shaƙa, ta yamutsa fuska.
"Endla, numfashinsu ne ya ci zankon nan.
Kaji tara, dare na awa goma sha bakwai,
kowacce na fitar da tururi, kashi na fitar da nasa.
Ina kike so ya bi?
Ya hau sama ya tarar da rigar mijinki,
ya dawo ya kwanta musu a ka, ya daskare.
Kaza da bargonta aka halicce ta.
Bushewa kawai take roƙonki."

Ban tanka ba.
Garin neman gira, na san abin da na taɓa.

Bana ganye bai gama zuba ba na jingina tsani.
Tanel, jikana, ya riƙe min da hannu ɗaya,
ɗayan yana kan wayarsa.
Na zaro tsummokin ɗaya bayan ɗaya,
sun yi nauyi, suna warin funfuna.
Wani hannun riga ya fito da maɓallinsa.
Na tsinke maɓallin na sa a aljihu.

Na buga ragar waya a kan giɓin
saboda siririyar dabbar nan
da ke iya shiga ko ta ramin zobe.
Bangon da ke fuskantar tafki na bar shi a rufe,
daga can iska ke zuwa da wuƙa.
Na sauya sandar kwanansu da katako mai faɗi
don su zauna a kan yatsunsu.
Sai na riƙe gashin kaza daidai inda suke barci:
bai motsa ba.
Na ɗaga shi sama kusa da rufi,
ya karkata a hankali, yana nuna waje.

A nan na lura da gefen katakon.
An goge shi sumul, an daidaita shi,
har da alamar fensir a gefe.
Faɗin yatsu huɗu,
nasa yatsun, masu kauri.

Daren jiya ƙanƙarar farko ta sauka.
Na fita da fitila, babbar riga a kan kayan barci,
na haska ƙarƙashin rufin.
Wani siririn tururi yana fita, ba gaggawa.
A ciki wata kaza ta yi gunaguni, ta gyara zama.

Da na koma ɗaki, gilashin tagata yana zubar da ruwa.
Na daɗe tsaye a gabansa.
Sakatar ta yi tsatsa,
sai da na sa hannu biyu.